Tabarmar Yaya Kulu a Ƙofar Ruga

Tun da na dawo Jega, bencin da ke ƙofar shagona bai huta ba. Gyaran injin ban ruwa nake yi a unguwar Jega Magaji, amma yanzu rabin masu zuwa wurina ba inji suke kawowa ba, kunne suke kawowa. "Arzika, wai da gaske ruga kunka kwana?" "Wai saniya anka ba ku?" Wasu don su ji suke tambaya, wasu don su yi dariya, har akwai waɗanda suka laƙaba mini Arɗon Jega. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya yadda ya faru, wanda zai ji haushi ya ji.

Yayata Kulu tana aure a Aliero. 'Ya'yanta maza biyu ne, Murtala da ƙanensa Bashiru. Murtala ya kama fadama can ta wajen Kuberi, a ƙasar Maiyama, yana noman albasa kusa da wata 'yar tunga. Ana cikin cirar albasa, zafi ya fara, aka tsinci gawarsa a bakin rijiyar gonarsa. An tafi da mashin ɗinsa, da injin da ni da hannuna na haɗa masa. Babu wanda ya ga wanda ya yi. Amma kafin a dawo daga maƙabarta kowa ya riga ya sani: akwai ruga kusa da gonar, rugar Arɗo Julde. Shi ke nan, an gama shari'a.

Ina zaune a rumfar makoki a Aliero na ga yadda ake dafa yaƙi. Waya tana yawo hannu zuwa hannu, ana kallon hotunan gawawwakin da Allah kaɗai ya san ko na wace ƙasa ne, ana cewa aikinsu ke nan. Sai ga Alhaji Mande, babban dillalin albasa, ya gyara babbar riga ya ce, "Jinin Murtala ba shi tahiya banza. Man mashin yana wuyana, harsashi yana wuyana." Rumfa ta ɗauka, "Allah shi saka, Alhaji." Na dube shi, raina ya ɓaci. Nasa 'ya'yan suna can birni suna karatu, ko ƙaya ba za ta soke su ba. 'Ya'yan wasu zai zuba wa mai su tafi su kashe, a kashe su, shi yana zaune yana shan shayi. Na waiga neman Bashiru, babu shi. Aka ce mini tun jiya ya wuce tunga, inda 'yan sa-kai ke taruwa.

Ba a jima ba aka ce Yaya na kirana ciki. Na same ta tsakiyar mata, ido ya kumbura amma a bushe. Ta kore su, ta ce, "Arzika, tashi ka raka ni Maiyama."

Na ce, "Yaya, makoki fa ake."

"Makokin wa? Ni na haife shi. An kashe min ɗa guda, na biyun kuma so suke su maishe min shi mai kisa, wai da sunan suna taya ni baƙin ciki. Ko guda bai tambaye ni ba. In sun ƙone rugar ga, gobe gidan wata matar za a yi wanga zama, jibi kuma a dawo gidanmu."

"To mi za ki yi in kin je?"

"Zama zan yi a ƙoharsu. Wanda zai shiga shi taka ni."

Maigidanta ya daɗe kwance ba lafiya. Da ta gaya masa, sai ya ɗaga hannu kawai ya ce Allah ya tsare. Ta naɗe tabarmar da take karɓar gaisuwa a kai, ta saɓa a kafaɗa, muka fita ta ƙofar baya. Na kira matata na gaya mata. Ta ce, "In anka kashe ka, kada ka sake ka dawo min gida." Na ce na ji.

A tasha muka samu wata a-kori-kura da ta yi lodin albasa za ta Koko. Yaya ta shiga gaba, ni aka ce in hau kan buhuna. Wanda bai taɓa tafiya a kan sabuwar albasa cikin rana ba, bai san hawaye ba. Kafin mu kai Jega hancina da idona sun zama famfo, ƙusa kuma ta kama wandona ta tsaga shi daga gwiwa zuwa cinya. Da muka ratsa ta cikin gari na kwanta rub da ciki kada abokan shago su gan ni. Bayan gada direban ya tsaya ya sayi fura wurin wata Bafillatana, ya kafa kai yana sha, yana ba Yaya labari ta taga ina ji. Bai san ko wace ce ita ba. Ya ce ai an kashe wani yaron Aliero, kuma maganin mutanen nan a gama da su duka, har na goye.

Yaya ta ce, "Har wadda tad dama maka hurar ga?"

"A'a, Hajiya, wagga ai na san ta."

"To waɗancan ma akwai wanda yas san su. Yaron da kake hwaɗi ɗana na."

Ya mayar da ƙwaryar furar, ya tada mota, muka nufi Maiyama.

A Maiyama muka fara biya wa wani ofis, ba zan ambaci sunansa ba, wanda hana irin wannan abu shi ne aikinsa. Wani mutum yana ƙarƙashin fanka ya saurare mu har ƙarshe, ya ce suna sane, kuma suna sa ido. Yaya ta tambaye shi ko ido yana kashe wuta. Ya ce, "Hajiya, ki koma gida ki yi haƙuri." Wannan kalma ta haƙuri na lura da ita a tafiyar nan. Mai tabarma ake gaya wa ita. Ban ji wanda ya je ya gaya wa masu bindiga ba.

Yamma ta yi, 'yan kabu-kabu suka ce ko kusa ba su shiga daji sai da safe. Sai Yaya ta tuna da Madam Rahila, wata malamar makaranta Kirista, mutuniyar Filato, wadda ta taɓa zama haya a gidansu a Aliero kafin a mayar da ita Maiyama. Muka yi tambaya har gidanta. Ina yin sallama wani jan kare ya fito ya nufo ni, na haye turmi, tsagaggen wandona yana kaɗawa. Madam ta fito tana kiransa da suna kamar ɗan gida, ta ga Yaya, ta saki abin da ke hannunta ta rungume ta. A nan ne na fara ganin Yaya ta yi kuka.

Gidan Madam ya ba ni mamaki ta wurare da dama. Mu namiji baƙo zaure ake kai masa abinci, ita kuwa teburi ɗaya ta tara mu. Ta kawo gwaten acca da ganye, abin da ban taɓa ci ba, ga shi kamar kunu ga shi kamar tuwo. Na yi bisimilla na kai cokali baki, sai na ga ta rufe ido ta fara addu'a. Tasu addu'ar cin abinci tana da tsawo, har da sunan Murtala da na Bashiru a ciki. Haka na zauna da gwate mai zafi a baki, ban haɗiye ba ban tofar ba, har ta ce amin. Amma kuma kafin in tambaya ta ajiye mini buta, ta shimfiɗa sabon zane, ta nuna mini gabas. Ta ba ni allura da zare na ɗinke wandona.

Da Yaya ta gaya mata inda za mu, Madam ta ajiye cokalinta. Ta ce, "Maman Murtala, garinmu yanzu babu shi. Sun kashe namu, mun kashe nasu, sun dawo, mun koma, har aka rasa wanda zai tuna wa ya fara. Ƙanena ya bi masu ramuwa. Ya dawo da ransa, ko ƙwarzane babu, amma har yau ba ya iya zama inda ake gasa nama." Ta tashi tana kwashe kwanuka. "Gobe babu makaranta. Da ni za a je."

Da safe 'yan kabu-kabu suka yarda su kai mu, amma iyakarsu shingen 'yan sa-kai. Na taɓa ƙetare iyaka ta Kamba na shiga Nijar, wallahi ban sha tambayoyin da na sha a wannan shinge ba. Wani kututture ne aka gicciya a hanya, samari sun kewaye shi, kowa da layu a dantse da bindiga ƙirar gida. Wasunsu gemu bai fito musu ba. Daga ina? Wurin wa? Me ya haɗa ni da wannan Madam? Suka laluba aljihuna suka ciro sifana da sukundireba, waɗanda ba na rabuwa da su.

Ɗaya ya ɗaga su sama ya ce, "Makami!"

Na ce, "Ɗana, wanga na kwance inji na. Wancan da ke kahwaɗarka hwa?"

"Kai infoma na."

Kun san abin da wannan kalma take jawowa mutum a daji yanzu. Sai Yaya ta matso ta janye mayafi daga fuska ta ce, "Ni ce uwar Murtala."

Nan take suka zube suna yi mata ta'aziyya, bindigogi a ƙasa. Yara ne masu ladabi, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Babbansu ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Gobe war haka kin ji labari mai daɗi."

Ta ce, "Ina Bashiru?"

Suka dubi juna. Wai ya ɗan fita.

"To ku gaya mishi uwatai tana ruga. Can zan kwana. Wanda zai sa wuta shi zo shi hwara da ni."

Ta ɗaga ƙafa ta tsallake kututturen, Madam ta bi ta, na bi su. An koya musu yadda za su tare ɓarawo, ba a koya musu yadda za su tare uwar mamaci ba. Suka bar mu muka wuce. Sifanata dai har yau tana wurinsu.

Daga nan a ƙafa muka tafi. Hanyar ta ratsa ta gonar Murtala. Albasa rabi a cire, tana ƙonewa a rana, rabi a ƙasa ta bushe don rashin ruwa. Yaya ta tsaya a bakin rijiyar, ta yi addu'arta, ta shafa, ta ce mu tafi.

Kada ku zaci a ruga an tarbe mu da murna. Mata suna hango mu suka kwashi yara suka yi bayan bukkoki. Samari suka fito da sanduna da takubba, suka yi mana zobe. Sai wani dogon tsoho siriri ya ratso su, shi ne Arɗo Julde. Ya sa aka kawo buzu, Yaya kuwa ta shimfiɗa tabarmarta. Gaisuwarsu ba irin tamu ba ce. Mu ido cikin ido muke yi, da ƙarfi, mu wuce wurin. Shi ƙasa yake kallo, murya can ciki, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi rana, ya koma ya sake daga farko. Yaya ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "Arɗo, ni ce uwar Murtala. Ku kunka kashe min ɗa?"

Tsohon ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Ban san wanda ya kashe shi ba. Ba zan rantse miki a kan kowane yaro da ke yawo a dajin nan ba, don ban san cikin kowa ba. Amma Murtala a nan yake shan fura. Kuma masu ɗaukar mashin, mu ma da damina sun kore mana shanu."

Ta ce, "Na ji. Gobe za su zo. Zan zauna a ƙoharku."

Wani saurayi mai kitso, Buba, ɗan Arɗon, ya yi dariyar takaici. Ya ɗaga waya ya ce ba sa bukatar tsohuwa. Kira ɗaya zai yi, mutanen daji su zo da manyan bindigogi, a ga wanda zai ƙone wani.

Yaya ta miƙe ta fara naɗe tabarmarta. "To ni ba ni zama gaban masu makami. Ban baro makokin ɗana don in zaɓi wanda za a kashe ba."

Buba ya ce, "Mu zauna a yanka mu kamar awaki ke nan?"

Tambayarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Na ce masa, "Buba, in sun zo sun ƙone tunga, sai su koma daji. Kai da uwarka ina za ku koma? Kuma wanda ka kira yau, gobe shi ke da kai da shanunka." Ya ce ni ɗan birni ne, ban san komai ba. Shi da uban suka juya harshe suka yi ta musu da Fillanci, ban ji ko kalma ba, sai dai na ga jijiyar wuyan yaron ta tashi. Can Arɗo ya miƙa hannu, bai ɗaga murya ba, ya bar hannun a miƙe har Buba ya ɗora masa wayar. Kafin rana ta faɗi samari duka suka kora shanu suka yi kudu da takubbansu. Aka bar tsofaffi da mata da yara, da mu. Tsohon nan ya ɗora ran iyalinsa a kan maganar matar da bai taɓa gani ba. Na daɗe ina tunanin wannan.

Matar Arɗo, Dudu, ta ja Yaya da Madam bukkarta. Ni aka kawo mini fura da nono a wata babbar ƙwarya, da tuwon gero yana ninƙaya cikin man shanu. Na ce wa tsofaffin da ke wurin bisimilla, suka ce alhamdu lillahi, suka kau da kai. Na zaci sun ƙoshi, na share ƙwaryar tas. Daga baya na gane su ba sa ci a gaban baƙo, jira suke in ci in rage, kuma abincin na mu duka ne. Babu wanda ya nuna mini a fuska, abin da ya ƙara mini kunya ke nan. Bukkar da aka ba ni ƙofarta iya ƙugu, na shiga da goshi na fito da goshi. Gadon kara ne, kaska ta yi biki a ƙafata. Da asuba ɗan maraƙi ne ya tashe ni, yana lasar kunnena.

Bayan salla na leƙa wurin su Yaya. Dudu ta jera ƙorenta a kan wani dandamali, manya da ƙanana, farare tas, wasu tun na uwarta. Madam ta ce ta ɓoye su a daji. Dudu ta ce in ta ɓoye su, yara za su gane ana tsoro.

Da hantsi muka ji ƙugin mashina. Yaya ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a bakin hanyar da ke shiga rugar, ta zauna ta miƙe ƙafa. Madam ta zauna damanta, Dudu hagunta. Arɗo ya zauna bayansu da tasbaha. Ni na tsaya a gefensu. Masu cewa tsoro ne ya kai mu can, ina so su zo su gwada tsayuwa hannu wofi gaban wannan ƙura.

Suka iso, mashin bayan mashin, kowane da goyo, wasu da jarkokin fetur ɗaure a baya. Man Alhaji Mande ya iso, shi bai iso ba. Shugabansu, wanda suke kira Kwamanda, wani ƙaƙƙarfa mai jar hula, ya sauko ya durƙusa.

"Inna, tashi. Don ke munka zo."

"Ni na aike ku?"

"Jinin ɗanki na."

"To hwaɗa min sunan wanda yak kashe shi. Hwaɗi wanda yag gani da idonai. In ka hwaɗi, in tashi mu kai shi gaban alƙali tare."

"Inna, dut ɗaya suke."

"Wagga da ke gehena ita tak kashe shi? Ko wancan jinjirin? Nuna min wanda za ka hwara da shi, ina kallo."

Ya waiga ya dubi mutanensa. Daga baya wani ya yi ihu wai har da wadda ba ta salla aka kawo. Madam ta ɗaga kai ta bi layin da kallo, ta tsaya kan wani siririn yaro. "Sama'ila? Kai ne? Kai da nake ba ka allo ka goge?" Yaron ya mayar da bindigarsa bayansa kamar wanda aka kama da rake a aji.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce mun ci sa'a. Amma muna wannan, wasu sun zagaya ta baya. Sai hayaƙi, sai ihun yara. Bukkar gefe ta kama, iska ta kai wutar ta Dudu. Na ruga na tarar da wani yana tuttula fetur a jikin ta uku, inda na san an tara ƙananan yara. Na rungumi jarkar da hannu biyu na ƙi saki. Ban taɓa shi ba, jarkar kawai na riƙe. Ya juya gindin bindiga ya sauke mini a hannun hagu. Na ji ƙarar kafin in ji zafin.

Na faɗi kusa da turmi, taɓarya tana nan daidai hannuna na dama, shi kuma ya juya mini ƙeya. Zuciyata ta ce ɗauka. Na rantse muku ta ce ɗauka. Amma na san in jini ya zuba a wurin nan, ko na waye, babu mai iya tsayar da sauran. Na danne hannun a ƙasa na bar ta.

Sai na ji murya a kaina, "Kawuna na! Kada wanda yaƙ ƙara taɓa shi!" Bashiru ne. Ashe yana can baya, fuska naɗe da rawani. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi yaran da Madam ke fiddowa daga bukka suna tari, ya dubi uwarsa. Ita ko motsi ba ta yi daga kan tabarma ba, kallonsa kawai take. Ya jingine bindigar a jikin turmi, ya cika hannu da ƙasa ya watsa wa wutar. Sama'ila ya bi shi. Wasu suka bi su, wasu suka hau zaginsu, taron ya rabe biyu ana cacar baki. Kwamanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya hau mashin ya ce, "Ku kunka sani." Rabin mutanensa suka bi shi.

Bukka biyu suka ƙone ƙurmus. Ƙoren Dudu ko ɗaya bai tsira ba. Ta tsuguna tana tona toka da kara, Yaya ta je ta tsuguna kusa da ita. Amma ba a rasa rai ba, ko ɗaya. Ban sake ganin rugar ba. An ce kafin damina suka tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Wanda ya kashe Murtala kuwa har yau yana yawonsa, don duk ƙarfin da ya kamata a sa a neme shi an ƙarar da shi wajen neman wanda za a huce a kansa.

Arɗo ya ɗaure mini hannun da kara da tsumma. Sama'ila ya ɗauki Madam da Yaya a mashin ɗinsa, Bashiru ya goya ni a nasa. A shinge babu wanda ya tambaye mu komai. Muka sauke Madam a Maiyama, muka wuce Jega ba tsayawa sai Aliero, gidan maɗori. Duk ramin da muka faɗa sai na ga taurari.

Labari ya riga mu isa. Ina zaune a zauren maɗori ina jiran a zo kaina, sai ga mota ta tsaya, Alhaji Mande ya shigo yana ƙamshin turare. Ya ce, "Sannu Arzika, Allah shi sawwaƙe. Ai ni tun farko cewa na yi a bi a hankali. Yaran yanzu ba su jin magana." Yaya tana gefe. Ta ce, "Alhaji, ragowar manka na can ruga, jarka guda. Ka aika ɗanka shi ɗauko." Ya yi 'yar dariya, ya duba agogo, ya fita.

Maɗorin ya zo ya kwance tsumman, ya lallatsa, ya ce karaya biyu ce, sai an ja. Yana son mai ƙarfi ya riƙe ni ta baya. Bashiru ya taso daga bakin ƙofa ya zauna bayana, ya zagaye ƙirjina da hannu ɗaya, ɗayan ya kama dantsena. Ina jin bugun zuciyarsa a gadon bayana. Maɗori yana shafa magani yana tofi, sai yaron ya sunkuyo daidai kunnena.

"Kawu, to wa yak kashe Murtala?"

Na ce, "Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba."

Ya kifa kai a kafaɗata. Na ji ɗumin hawaye a wuyana.

"To ni mi zan yi da abin ga da ke cikin ƙirjina?"

Ban so in yi masa ƙarya ba. Na ce, "Riƙe ni da kyau, Bashiru."

Ya ƙanƙame ni. Maɗori ya ce bisimilla, ya ja.